Garkar Jama'a, Amanar Wa Ce?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake shayar da ƙasa bayan ƙishirwarta, ya fitar da abinci daga cikinta domin mutum da dabba da tsuntsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo wata matsala ce da ta taso a unguwarmu, wadda muka tabbata akwai irinta a garuruwa da yawa, tun daga Dogon Dutsi har zuwa Gure. Wani dattijo daga cikin masu salla tare da mu, Allah ya jiƙansa, ya yi hubusi da wani fili nasa da ke gabas da filin idi, tun yana da rai, a gaban shaidu. Jama'a ta yi shawara a mai da shi garka. Da damina ta zauna, samari suka karɓo dashe daga wurin malaman daji: mangwaro mai aure, da gwaba, da lemun tsami, da magarya, da zogale, da ƴan tsamiya da kuka. Aka yi gayya, mata suka dama fura, mu kuma muka yi addu'a, kowa ya koma gida yana murna. Kafin ruwan farko na shekara mai zuwa ya sauka, itatuwan da suka rage da rai ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Da muka zauna domin bin ba'asi, sai wani ya ce awaki ne, wani ya ce gara ce, wani ya ce zafin bazara ne. Duka gaskiya suka faɗa. Sai dai gaskiyar da ta fi waɗannan ɗaci ita ce, daga cikinmu babu wanda ya kashe icce ko ɗaya, kuma babu wanda ya shayar da ko ɗaya. Kowa ya ɗauka cewa tun da garkar ta kowa ce, to akwai wani da ke kula da ita. Daga nan tambayar ta taso, wadda muke so mu yi nazarinta tare da ku: abin da aka ce na kowa ne, wa Allah zai tambaya a kansa?

Mai dasawa da mai ci

Magana ta farko da muka ji bayan wannan asara ita ce ta masu cewa dama can wahalar banza ce. Wani ya ce shi ya haura sittin, tsamiya kuwa ba ta yi wa mai gaggawa ƴaƴa. Wani ya ce ko da mangwaron ya rayu, yara ne za su jefe shi tun yana ɗanye, jemagu su ƙarasa sauran. Wannan magana tana da kamar hankali, amma tushenta shi ne zaton cewa amfanin aiki ya tsaya ga abin da ya shiga bakin mai aikin. Shari'a kuwa da wani mudu take awo. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (R.A.) hadisin da ke nuna cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi ko shukarsa, ana rubuta masa shi a matsayin sadaka. A ruwayar Muslim daga Jabir ɗan Abdullahi (R.A.), har abin da aka sace an sa shi cikin lissafin. Ɓarawo yana nan da zunubinsa, amma mai dashe bai yi asara ba. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito daga Anas umarnin da aka yi wa wanda tashin alƙiyama ya riske shi da ɗan dashen dabino a hannunsa, cewa in yana da hali ya sa shi a ƙasa. A wannan sa'a babu sauran mai ci, babu sauran mai shan inuwa, amma aikin bai faɗi ba, domin darajarsa tana wurin wanda aka yi shi dominsa.

Ko ba a je ga nassi ba, adalci ma ya isa hujja. Tsamiyar da muke kunu da ita, da kukar da muke miya da ita, da dogon yaron da muke alwala a ƙarƙashinsa a ƙofar masallaci, akasarinmu ba mu san hannun da ya dasa su ko ya rene su ba. Mun ci bashin mutanen da ba za mu iya biyansu ba, sai dai mu biya waɗanda ba a haifa ba tukuna.

To amma a nan ne mu malamai muka yi kuskure, kuma ya wajaba mu faɗe shi da bakinmu. Mun hau mumbari mun yi huɗuba a kan ladan dashe, ba mu taɓa yin huɗuba a kan ladan guga ba. Mun bar jama'a suna zaton dashe aikin yini ɗaya ne. Alhali ƙaramin icce mai ƴaƴa a ƙasarmu yana bukatar a shayar da shi tun daga ɗaukewar ruwa har zuwa wata damina, shekara biyu ko uku a jere, a kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi, a riƙa duba gindinsa saboda gara. Wanda ya sa icce a rami cikin watan Agusta, bai sake waiwayarsa ba cikin watan Afrilu, misalinsa kamar wanda ya yi wa jariri huɗuba ne, ya yanka rago, ya raɗa masa suna, sa'an nan ya bar shi ba mai shayarwa.

Abubuwa uku da ke tsare icce

Idan muka dubi tarihin ƙasarmu, za mu ga abu uku ne suke tsare icce daga gatari da ƙishirwa. Na farko tsoron hukuma. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo, saboda sanin cewa gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi ganye da rani ya ciyar da dabbobi, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma ta fi albarka. Daga baya dokar daji ta mulkin Faransa ta 1935, da wadda ta biyo bayanta a 1974, suka sa wasu itatuwa a hannun gwamnati, har manomi yana iya shan tara a kan iccen da ke cikin gonarsa. Tsoro yana tsare icce muddin idon mai tsaro yana wurin. Da ya juya baya, sai manomi ya tumɓuke ɗan tsiro tun bai girma ba, don kada ya jawo masa magana.

Na biyu son amfani. Bayan farin 1973 da na 1984 mun ga abin da rashin itatuwa ke jawowa, iska tana binne shuka da rairayi, mata suna yini guda wajen neman makamashi. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A cikin shekarun nan ne manoman jihar Maraɗi suka fara abin da ake kira sassaben zamani, watau barin tohon da ke fitowa daga kututture a zaɓi mai ƙarfi a rene shi, maimakon a share shi gaba ɗaya. Da manomi ya tabbata iccen nasa ne, shi zai sassabe reshensa, shi zai ci amfaninsa, sai ya tsare shi ba tare da an sa shi ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an samu itatuwa wajen miliyan 200 a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Garkar jama'a kuwa ba ta da ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Babu dogarin da ke tsaye a kanta, kuma babu mutum ɗaya da zai ce ƴaƴanta nasa ne. Abin da ya rage mata shi ne na uku, watau amana. Ita kuwa amana ba ta zama a kan taro. Ranar hisabi mutum ɗaya ɗaya za a tsayar, ba unguwa unguwa ba. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa farilla ta kifaya, idan wasu suka yi ta ta faɗi daga kan saura, idan kuwa kowa ya bar ta, to kowa ya yi laifi. Mu mun riƙe rabin farko na wannan ƙa'ida, muka manta da rabi na biyu.

Maganin wannan yana cikin asalin hubusi shi kansa. Lokacin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya samu wani fili mai daraja a Haibara, ya nemi shawarar Manzon Allah (S.A.W.), aka nuna masa ya riƙe asalin ya yi sadaka da amfanin. Umar ya sharɗanta kada a sayar, kada a kyautar, kada a gada, sa'an nan ya yi izini ga mai kula da filin ya ci daga cikinsa gwargwadon abin da aka saba. Ke nan tun ranar farko, dukiyar da aka tsayar domin jama'a tana da mutum sananne da ke ɗauke da ita, kuma an san haƙƙinsa. Da muka koma ga wannan, sai muka sake dashe a damina ta biyu, muka rage yawansa, muka danƙa kowane icce ga gida ɗaya, aka rubuta sunan mai gidan a littafin masallaci. Gidan ne zai shayar, shi zai gyara shinge, shi za a tambaya in iccen ya bushe. Ƴaƴan kuwa na jama'a ne: mai renon yana da kwandon farko, sauran a fara da marayu da marasa lafiya da almajirai, mai wucewa kuma ya ci abin da ya ishe shi a wurin, kada ya cika buhu. Daga ranar da kalmar "kowa" ta koma sunayen mutane, sai muka fara ganin yara da tuluna a hanyar garka bayan sallar la'asar.

Gefen da ba a nome ba

Akwai wani gefe na filin, wajen tudu, wanda aka yi shawara a bar shi ba noma, ciyawa da furannin daji su fito yadda Allah ya so. Wannan ma ya jawo gardama. Wasu suka ce almubazzaranci ne a bar ƙasa ga ciyawa alhali ana iya zuba mata wake ko gyaɗa, wasu suka ce maɓoyar macizai ce, kuma abincin gobara ce da rani.

Tsoron maciji da gobara gaskiya ne, kuma maganinsa aiki ne: a share hanya mai faɗi kewaye da wurin, a yanke ciyawar bayan ta zubar da irinta. Amma zargin almubazzaranci yana bukatar amsa, domin ya taɓa yadda muke kallon halittar Allah. A cikin suratu Abasa, inda Allah ya umarci mutum da ya dubi abincinsa, an ambaci ciyawar dabbobi a jeri ɗaya da hatsi da inabi da zaitun da dabino da kayan marmari. Abin da Mahalicci ya lissafa cikin ni'imominsa, ba ya kamata bawa ya lissafa shi cikin banza. An kuma sa wa sura guda sunan ƙudan zuma, watau suratun Nahli. Shi ƙudan zuma, da sauran ƙwari irinsa, su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan har icce ya ƙulla ƴaƴa. Mangwaro da sanyi yake fure, ƙananan tsirrai kuwa da damina har zuwa kaka. Wurin da ya haɗa biyun yana riƙe waɗannan ma'aikata tsawon lokaci, ba tare da an biya su ko dala ba. Saiwar ciyawa kuma tana riƙe ƙasa, ta rage gudun ruwa, ya samu ya nutse kusa da itatuwan.

Sa'an nan mu tuna da abin da ya rufa mana asiri a shekarun yunwa. Tafasa da yaɗiya da gasaya da yoɗo babu wanda ya shuka su, amma gidaje da yawa da su suka kai ga sabon hatsi. Gamba ce zananmu da rufin rumbunmu, kyasuwa ce abincin dabbobinmu. A da, saura da burtali da bakin fadama su ne ma'ajiyar irin waɗannan tsirrai. Yau mutane sun yi yawa, gonaki ba sa hutawa, burtali ya tsuke, har an wayi gari yaro ɗan makaranta ya san sunan ƙasashen Turai amma bai san gamba ba in ya gan ta a tsaye. A damina ta biyu mun ga wata tsohuwa ta shiga wannan gefe da jikokinta tana nuna musu ganye ɗaya ɗaya, tana faɗa musu na miya da na magani da wanda ba a taɓawa. Wannan karatu ne da babu shi a allo.

Ko da furen da ba a ci, ba a magani da shi, yana da aikinsa. Alƙur'ani ya ambaci ƙawar lambuna a matsayin aya, kuma ya sanar da mu cewa babu wani abu face yana tasbihi, ko da mu ba mu fahimci tasbihinsa ba. Zuciyar da ba ta ganin darajar abu sai in ana iya kai shi kasuwa, a hankali za ta fara auna mutane ma da wannan mudu, tsoho da nakasasshe da maraya su koma ciyawa a idonta. Barin ɗan wuri ga abin da ba mu muka shuka ba tunatarwa ce cewa mu wakilai ne a bayan ƙasa, Mai ita yana nan.

Wa zai fara shiga?

Jarrabawa mafi nauyi ta zo ne bayan kaka, lokacin da aka yanke ciyawar aka ɗaure ta dami dami. Wani bawan Allah mai hali, wanda shi ne ya biya kuɗin gina rijiyar siminti a garkar, yana da shanun turke. Ya aiko yana neman a ba shi ciyawar. Wasu daga cikin dattawa suka ce haƙƙinsa ne, domin ba don rijiyarsa ba da babu icce ko ɗaya a tsaye, kuma in aka ɓata masa rai gobe wa zai sake taimakawa? Wasu suka ce akwai zawarawa da tsofaffi masu akuya biyu ko uku, waɗanda da nonon awakin nan suke renon marayu, kuma damin ciyawa da bazara ya fi ƙarfinsu.

Ba mu ɗauki maganar dattawan farko da wasa ba, domin godiya ga mai alheri wajibi ce, kuma jama'ar da ba ta san darajar masu taimakonta ba za ta rasa su. Amma mun samu hukuncin irin wannan a wurin magabata. Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe makiyayar Naƙi'u domin maslahar Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe ta Rabaza. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa wasiyyar da Umar ya yi wa baransa Hunayyu da ya ɗora a kan makiyaya: ya shigar da mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan, ya yi hattara da garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, su biyun in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabinai da za su koma gare su, talaka kuwa in nasa suka halaka sai dai ya zo da ƴaƴansa yana kuka a ƙofar shugaba. Waɗannan sahabbai biyu suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma suna cikin waɗanda suka fi ciyar da dukiya saboda Allah, amma hakan bai ba garkensu gaba a makiyayar jama'a ba. Shi Usman ɗin ne ma ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, gugansa ya zama ɗaya daga cikin gugunansu.

Da wannan muka je har gida muka samu ɗan'uwanmu, muka yi masa godiya, muka gaya masa cewa ciyawar ta masu ƙaramin ƙarfi ce. Bai ji daɗi ba, kuma har yau akwai masu ganin mun yi masa butulci. Mu dai abin da muka gani shi ne, da mun ba shi, da mun mai da sadakarsa ciniki, mun rage masa abin da ya fi ciyawa tsada. Da kuma talakawa sun fahimci cewa garkar jama'a suna ne kawai, mai kuɗi ne mai ita, da washegari tulunan yara sun daina zuwa. Suratul Ƙalam ta ba mu labarin masu wata garka da suka yi sammako domin su girbe ta kafin miskinai su farka, suka iske ta ƙone ƙurmus. Albarkar garka tana tare da rabon mai rauni a cikinta.

Haka kuma muna jan kunnen masu ƙaramin ƙarfi. Haƙƙin da shari'a ta ba ku na ciyawa bai ba ku izinin sakin awaki su karya shinge ba, talauci kuma ba ya halatta cin amana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matar da ta ga akuyar maƙwabciyarta a kan ɗan mangwaro ta wuce ba ta kore ta ba, ita ma tana da kaso a cikin mutuwarsa.

Kira ga ƴan'uwa

Tun shekarar 1975 aka mai da ranar 3 ga watan Agusta, ranar da ƙasarmu ta samu ƴancin kanta a 1960, ranar dasa itatuwa. Da a ce duk abin da aka dasa a wannan rana tun daga lokacin ya rayu, da kamannin garuruwanmu sun sake. Inda aka tsare dashe, kamar jerin dogon yaron da aka fara dasawa a kwarin Maggiya ta jihar Tawa a 1975 domin tare iska, an ga amfaninsa. Inda aka dasa aka watse, sai ramuka.

Saboda haka muna kira ga rassan ƙungiyoyinmu, da limamai, da malaman makarantun allo da na madarasa, duk wanda ya yi niyyar kafa garka domin jama'a, ko a bayan masallaci, ko a gefen maƙabarta, ko a filin makaranta, ya amsa tambayoyi huɗu tun bai haƙa rami ba. Ina ruwan yake? Sunan wa za a rubuta a kan kowane icce? Wane gefe za a bar wa ciyawa da ƙudan zuma? Wa zai fara ci in Allah ya kawo amfani? A yi wannan a gaban mai gari da shaidu, a rubuta, domin rigimar ƙasa takan taso ne bayan waɗanda suka san asalin magana sun kwanta dama. Icce goma da suka rayu sun fi ɗari da aka yi wa biki.

A garkarmu, magarya ta fara ƴaƴa, gwaba ma ta fara, mangwaro yana kan hanya. Tsamiya kuwa har yanzu ba ta wuce kafaɗar yaro ba, kuma dattijon da ya ce shi ya haura sittin, gidansa aka danƙa wa ita.

Allah ya sa mu cikin masu tsare amana, ya jiƙan wanda ya bar mana wannan fili, ya saka wa wanda ya gina rijiya da mafificin alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa.